Layi Takwas a Aljihun Hamisu

Madam Hansatu ta danna ɓeran kwamfuta sau biyu, ba abin da ya fito. Ta ja tsaki ta sake dannawa sau biyu, da ƙarfi wannan karon, sai ka ce ƙarfin yatsa ne zai tashi injin daga barci.

"Wallay tsohuwar kwamfutar nan sai ta kashe ni kafin alhazai su tashi," in ji ta.

Hamisu yana tsaye a bayanta da kofin shayi a hannu, ya ga komai. Manhajar rajistar alhazai ta buɗe, koriya shar, da hoton Ka'aba a kusurwa. Kafin a ƙifta ido wata ta sake buɗewa a kanta, ta rufe ta ruf. A can ƙasan allon, inda ba mai kallo sai wanda ya san aikin, 'yan alamu biyu suka jeru kusa da juna. Manhaja ɗaya ce, amma ta buɗe sau biyu, Madam kuwa ko a jikinta.

Ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san hanyar gidansu. Manhajar nan tana kwashe duk jerin sunaye ta riƙe a kanta idan an buɗe ta, sai lokacin rufewa ta mayar da su cikin fayil gaba ɗaya. Madam za ta yini tana zuba sunaye a tagar sama. Ta ƙasan tana nan laɓe da tsohon jerin jiya. In aka tashi sallar azahar za ta rufe ta sama, ta ga ta ƙasa, ta rufe ta ita ma, ita kuma ta zuba jerin jiya a kan na yau. Duk aikin safiya ya bi ruwa ke nan.

Ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya kai kofin bakinsa ya kurɓi shayi.

To, a nan fa ya kamata a san wane ne Hamisu a ofishin nan na unguwar Paris-Congo, a N'Djamena. Shekararsa shida yana aiki da Alhaji Abdulmutallib mai jigilar alhazai. Lokacin da ya zo, sunayen maniyyata a manyan littattafai ake rubuta su, gara na ci. Shi ya kawo kwamfuta, shi ya rubuta manhajar farko da hannunsa, daga wani littafin Faransanci da ya yi wa fotokwafi shafi-shafi. Ba ta da kyau, toka-toka ce kamar bangon asibiti, amma shekara shida ba ta taɓa ɓatar da sunan ko mutum ɗaya ba. A da in Alhaji ya yi baƙi, sai ya nuna shi ya ce, "Ga injiniyanmu."

Sai ga Ghali, wata uku da suka wuce. Ɗan Kano ne, ya biyo kawunsa mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, da takardar shaidar makarantar fasaha a jaka da murmushin da ba ya ƙarewa. Mako shida ya yi ya gina sabuwar manhaja. Tana da sauri, tana da launi, tana buga hoton mahajjaci a gefen sunansa. Abin da ya fi ƙona wa Hamisu rai shi ne yaron ba shi da laifin da za a kama. Yana gaisuwa har ƙasa. Yana cewa Yaya Hamisu. Ga Hausarsa tas, irin wadda in Alhaji ya ji sai ya lumshe ido ya ce ta tuna masa da kakansa, alhali Hausar Hamisu rabinta Larabcin Chadi ne, sauran kuma Faransanci ya ci gefenta. Abu ɗaya ne ya sanyaya masa zuciya a wata ukun nan, ganin Ghali yana lalube a kan madannin haruffa na Faransanci, yana neman harafi inda ba ya nan. Shi ma mako guda ya yi ya saba.

Hassada ce, Hamisu ya san sunanta, ba sai an gaya masa ba. Yana ganinta a jikinsa kamar zazzaɓi. In Ghali ya yi dariya sai ya kau da kai.

Shi ma wannan matsala ta taga biyu ta taɓa kusan cinsa, shekara huɗu baya, da yatsan Madam ɗin nan dai. A lokacin ne ya gano cewa ba sai mutum ya wahalar da kansa ba, Windows, uwar manhajojin injin, tana da dabarar da ke maganin abin. Manhaja in ta buɗe sai ta ajiye wata alama da sunanta a wurin Windows, kamar yadda mutum yake barin takalminsa a ƙofar ɗaki. In wata ta zo buɗewa, sai ta fara tambaya: akwai takalmi a ƙofa? In akwai, ta janyo 'yar'uwarta gaban allo, ita kuma ta koma inda ta fito. Layi takwas ne kacal. Tun ranar Talata da ya leƙa aikin Ghali ya ga babu su, ya rubuta su, ya sa a disket, ɗan faifan ajiyar nan, ya jefa a aljihun rigarsa. Ya ce a ransa, ran da ɗan Kano ya zo ya tambaye shi, zai ba shi. Yau Alhamis, disket ɗin yana nan yana zungurarsa a ƙirji.

Alhaji ya shigo wajen ƙarfe takwas da rabi, yana share gumi da bakin rawani duk da sanyin Janairu.

"Ku saurara da kyau," ya ce. "Yau ce ranar. Ƙarfe huɗu kwamitin alhazai ke rufe karɓar jerin sunaye. Kujera ɗari da arba'in aka ba mu. Duk kujerar da ba suna a kanta, nan take za su ba masu jira, ga su can cike da harabar tun jiya. Ba ni da bakin roƙo bayan huɗu. Lukumanu direba zai tayar da mota uku da rabi."

Ya juya ya dafa kafaɗar Ghali.

"Bana dai hankalina kwance. Kun san abin da yaron nan ya yi? Manhajarsa ba ta karɓar sunan wanda bai yi allurar sanƙarau ba. Ƙememe take ƙi! Bara mutum biyu aka dawo mana da su daga filin jirgi a kan wannan. Hamisu, ka tuna?"

"Na tuna, Alhaji."

"In muka gama aikin bana lafiya, shi zai riƙe mana sashen kwamfuta. Kai kuma ka huta da wahala, ka koma kula da fasfo da biza."

Ka huta da wahala! Shekara shida, a ce mutum ya koma jera fasfo a kwali kamar mai tsaron shago. Hamisu ya ce to, ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba.

Da Alhaji ya shige ofishinsa, Ghali ya matso, ya rage murya.

"Yaya Hamisu, don Allah akwai 'yar maganar da nake so mu yi. Tun Litinin nake neman ka zauna."

"Ba ni da lokaci."

"Minti biyu ne kawai, ba a gaban mutane ba."

"Na ce ba ni da lokaci, shugaban sashe. Je ka yi aikinka."

Ya ajiye kofi ya fice. Bai tsaya ko'ina ba sai rumfar mai karkanji a bakin titi, ya zauna a benci yana kallon ƙananan motocin haya suna wucewa, yaran mota na ihun sunan unguwa, Chagoua, Chagoua. Kofi uku ya sha na jan zoɓon nan mai tsami, bai ji ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Zuciyarsa ta yi ta kai da kawo. Ba wanda zai cutu, haka ya riƙa gaya wa kansa. Kowane maniyyaci yana da takardarsa ta hannu, Madam tana tara na ranar a tire. In abin ya fashe, sai a ɗauko tire a sake shigarwa, awa ɗaya ta isa. Kunya kawai ɗan Kano zai sha, kuma kunya ba ta kisa. Shi bai ɓata komai ba, bai taɓa injin ba. Shiru kawai ya yi. Tun yaushe shiru ya zama laifi?

Ya tuna da mahaifiyarsa, Inna Mero, wadda ita ma bana za ta tafi. Kakanta ya baro Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a bakin kogin Chari don ya huta damina ɗaya, a nan aka binne shi. Mahaifinta ya yi ta cewa baɗi har ya rasu. Ita ce za ta ƙarasa tafiyar, haka take faɗa wa duk wanda ya shigo gidanta na unguwar Moursal. Da hannunsa ya shigar da sunanta tun watan jiya a tsohuwar manhajarsa, kafin a kwashe sunaye zuwa sabuwa, don haka ita wannan rikici na yau bai shafe ta ba. Rabonsa da gidan ma ya kai kwana goma, baƙin rai ya hana shi zuwa ko'ina. Yau in an tashi zai biya.

Bai koma ofis ba sai da ladan ya fara gyaran murya. Ya iske Madam tana miƙa, tana cire tabarau.

"Ina ka shige? Tun safe nake fama ni kaɗai. Sau ɗaya na samu na fita fotokwafi, shi ma sai da Ghali ya riƙe mini wurin."

Ta danna ta rufe taga. Wata ta bayyana a bayanta.

"Da shunu? Mene ne wannan kuma, daga ina?"

Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a adana kafin a rufe. Hamisu yana tsaye, bai fi taku biyu tsakaninsa da hannunta ba. Ya ji disket ɗin a ƙirjinsa. Kalma ɗaya ta isa, a'a kawai zai ce.

Madam ta danna e, ta ɗauki butarta ta fita.

A masallaci Ghali ne ya tsaya kusa da shi a sahu, kafaɗa da kafaɗa. Hamisu bai san raka'a nawa liman ya ja su ba, shi kansa bai san abin da ya karanta ba.

Bayan azahar aiki ya ci gaba kamar ba komai. Madam ta buɗe manhaja, wannan karon sau ɗaya, ta shigar da na rana. Uku saura kwata aka kunna injin buga takarda, ya yi ta kukansa kamar injin niƙa. Alhaji ya ja takardar, ya sa tabarau, ya kai ido shafin ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ɗari da goma sha bakwai? Hansatu, ina sauran?"

"Wane sauran, Alhaji? Duk na shigar!"

"Ina Hajiya Zuwaira da ta zo da safe? Ina mutanen Kousseri? Innalillahi! Ghali! Ghali, zo nan!"

Ghali ya zo da gudu, ya zauna, ya yi ta danne-danne. Ya buɗe fayil ya rufe, ya sake buɗewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Duk sunan da aka shigar tsakanin safe da azahar babu shi, kamar ba a taɓa rubutawa ba.

"Ban gane ba, Alhaji. Na gwada ta fiye da sau ɗari. Wallahi ban gane ba."

"Ba ka gane ba? Saura minti arba'in mota ta tashi kana ce mini ba ka gane ba?"

Nan ne Hamisu ya taso, a hankali, ba gaggawa. Wayyo daɗi! Ba zai ɓoye wa kansa ba, wani sanyi ne ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

"Madam, da safe sau nawa kika danna?"

"Ni na ƙirga? Ta ƙi tashi, na ƙara mata."

"Da za ki fita salla taga nawa kika rufe?"

Ta dafe baki. "Biyu."

"Shi ke nan." Ya juya wajen Alhaji. "Manhajar ba ta san ta tambayi Windows ko akwai 'yar'uwarta a buɗe ba. Ta buɗe sau biyu, ta baya ta shafe aikin ta gaba. Abu ne da ake koya tun farko. A makaranta wataƙila injinansu sababbi ne, ba mai danna su sau huɗu. Nan kuwa N'Djamena ne."

"Za ka iya gyarawa?"

"Ba ni kujerar."

Ghali ya miƙe ya ba shi kujerar. Alhaji bai ko dube shi ba, ya nuna masa ƙofa da takardar da ke hannunsa.

"Tafi gida. Ba na son ganinka yau. Ranar Asabar ma yi magana."

Ghali ya rataya jakarsa, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo da sauri.

"Yaya Hamisu, in za a sake shigar da na safe, akwai takardar da..."

"Takardu suna tire, mun gani."

"A'a, wannan ɗin tana..."

"Malam, ka ɓata mana safiya, kada ka ɓata mana la'asar!" Hamisu ya daka masa tsawa, har Madam ta zabura. "Alhaji ya ce ka tafi."

"Ka ji ai," in ji Alhaji. "Fita!"

Ghali ya dubi Hamisu, bakinsa yana motsi. Lukumanu direba ya kama hannunsa ya fitar da shi, ya turo ƙofa.

Hamisu ya zaro disket ya zura. Ya buɗe cikin manhajar, ya liƙa layukansa takwas a can sama, ya haɗa ta, ya ce wa Madam ta danna yadda ta ga dama. Ta danna sau shida. Taga ɗaya ce ta fito, ta tsaya daram. Alhaji ya ce Allahu akbar.

Suka hau tire, Madam na karantowa, shi yana bugawa, yatsunsa na gudu a kan madannin da ya sani tun yana ɗan makarantar lise. Uku da minti ashirin da biyar takarda ta ƙarshe ta shiga. Ya duba ƙasa: ɗari da talatin da tara.

"Saura ɗaya," in ji Madam.

"Tire ya ƙare."

"Amma ɗari da arba'in ne, Hamisu. Ashirin da uku suka ɓata, ashirin da biyu muka mayar."

"Malam Yunusu na Chagoua ba ya fasa ba saboda ƙafarsa? Shi ne cikon."

"Ina jin kamar an riga an cike gurbinsa tun makon jiya. Bari a bi jerin daga farko, ko a aika a kira Ghali, bai yi nisa ba."

A kira Ghali? Yanzu, bayan duk wannan? Hamisu ya ture tire gefe.

"Madam, shekara shida ina wannan aiki, na taɓa ɓatar miki da suna? Malam Yunusu ne. Alhaji, lokaci na tafiya."

Alhaji ya dubi agogo, ya dubi Hamisu, ya sa hannu ya buga hatimi. Lukumanu ya fizgi ambulan ya fita da gudu. Biyar saura ya dawo ya ce an karɓa, an buga tambari, kujerar da ta rage kuma an ba wani dattijo daga Abéché da ya kwana biyu a harabar, har kuka ya yi don murna.

"Rabonsa ne," in ji Alhaji. Ya kama hannun Hamisu da hannu biyu. "Na yi kuskure a kanka. Sashen naka ne, injiniya. Ka manta da maganar safe."

Hamisu ya fito yana jin kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ya tsaya ya sayi gasasshen nama mai zafi aka naɗe masa a takarda, ya hau babur sai Moursal, don ya ba Inna labari da bakinsa kafin magariba.

A ƙofar ɗakin Inna ya ga takalmi, baƙi, na maza, irin na 'yan Kano mai dogon baki. Ya tsaya yana kallonsa.

"Hamisu ne? Shigo mana, ɓataccen ɗa," muryar Inna ta fito daga ciki. "Ga abokin aikinka tun ɗazu yake jiranka. Ya ce ya koma ofis direba ya hana shi shiga, ya je gidanka ba ka nan."

Ghali yana zaune a gefen tabarma, jakarsa a cinya, an ajiye masa shayi bai taɓa ba. Inna tana kan kujerarta 'yar tsugunno, ta baje farar jaka a gabanta tana jera kaya: hijabi biyu, silifa, carbi, da wata tsohuwar gora ta fata da ta bushe ta ƙanƙance, wadda kakanta ya taho da ita daga Katsina. Ta ce sai ta cika ta da zamzam ko da tana zuba.

"Kai ko kunya ba ka ji," ta ce tana dariya. "Ka rubuta ni babu allurar sanƙarau, so kake a dawo da ni daga filin jirgi? Yaron nan ne ya gano. Ya zo har gida ranar Litinin, ya ce kada in gaya wa kowa, kada mai gidanku ya ji ya ga sakacinka. Shi ya raka ni asibiti jiya. Yau da safe na kai katin, ba ka nan, shi ya ba ni kujera, ya rubuta ni da hannunsa ina gani. Dubi hannun, har yanzu a kumbure yake."

Ta ɗaga hannun rigarta ta nuna masa. Hamisu bai ga komai ba. Naman da ke hannunsa yana ƙona masa tafi, bai ajiye ba.

"Bari in ɗauko muku faranti," in ji Inna. Ta dafa bango ta miƙe ta fita.

Ghali ya buɗe jaka ya fito da ambulan ruwan ƙasa, ya miƙa da hannu biyu.

"Da muka kwashe sunaye manhajar ta ƙi karɓar nata, sai na cire takardar na ɓoye. Yau da na shigar da ita ban sa a tire ba, kada Madam ta ga kwanan watan allurar ta yi tambaya. Na ce in ba ka hannu da hannu." Ya rage murya. "Ita nake son gaya maka. Amma na san za ka bi jerin ka ga babu Inna. Ka mayar da ita ko?"

Hamisu ya karɓi ambulan. Ya zaro takardar. Ga hoton Inna, ta ɗaure fuska kamar yadda take yi in za a ɗauke ta hoto. Ga katin rigakafi mai ruwan ɗorawa an manne da ƙusar takarda, tambarin asibiti na jiya ya ɗan shafi bayan takardar.

Ghali ya daɗe yana kallon fuskarsa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Laifina ne, Yaya. Ni na jawo. Da na san wannan dabara ta tambayar Windows, da duk haka ba ta faru ba." Ya share ido da bayan hannu. "Lukumanu ya ce minti biyu ka yi ka gyara. Ni ko kwana zan yi ban kai nan ba. Yaya aka yi ka rubuta da sauri haka?"

Hamisu ya kai hannu ƙirjinsa. Disket ɗin yana nan, ya mayar da shi aljihu ba tare da ya sani ba. A jikin takardar da ke manne da shi, da rubutun hannunsa, akwai kwanan watan Talata.

Labule ya ɗaga. Inna ta shigo da faranti da ɗan kwanon yaji, ta ajiye a tsakaninsu, ta karɓi naman daga hannunsa ta juye.

"Ku ci tun da zafi. Ghali, sa hannu, nan gidanku ne." Ta koma kujerarta, ta ɗauki gorar kakanta tana goge ta da gefen zane. "To injiniya, ka yi shiru. Gaya mini, a wane jirgi kuka sa ni, na farko ko na biyu?"